Ranar da Gwaggo Ta Goge Madubi

Daga shagon tabarau

Kyaftin,

Sallama irin ta wadda ta daɗe ba ta sa ɗanta a ido ba. Ina fata ruwa ba ya kaɗa maka ciki, kuma suna ba ka abinci kana ƙoshi. Na san za ka ce kai ba kyaftin ba ne, mai gyaran wutar jirgi ne. To ka yi ta faɗa. Ni na raɗa maka sunan ranar da ka sa ƙafa a jirgin ruwa, ba kuwa zan janye ba.

Jiki da sauƙi. Gwiwa tana nan da halinta. Kunne kuwa ka san shi, in ba na'urar ji a ciki ko bango ya faɗi ba ni da labari. Shi ya sa har yau takarda ta fi mini kiran waya, kai ma an ce inda kuke waya ba ta shiga sai kun kusa tudu. Mahaifinka ya leƙo ni kwanaki. Kakana da kakansa ne suka fito ciki ɗaya, amma in ya zauna yana ba ni umarni sai ka rantse shi ya goya ni.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Tun rasuwar maigidana, Kawunka, ni ke buɗe shago. Gwajin ido ba nawa ba ne, akwai ma'aikaciyar da ke zuwa ta yi. Nawa karɓar mutane, taya su zaɓen firam ɗin tabarau, da kiran wanda gilashinsa ya iso. Duk wannan yana cikin tsohuwar kwamfutar nan ta kan kantar shago. Ka san Kawunka da kafiya, bai taɓa yarda da manhajar kamfani ba. Tasa irin wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gani ya gyara ce, ita yake kira rijiyar unguwa, wai kowa ya haƙa kowa ya sha. A ciki ya zuba sunayen mutanenmu da lambobinsu, da kalandarsa ta shekara da shekaru.

Kalandar nan ita ce maganar. Mutumin nan da kansa yake hira a cikinta. "Ka kira direban nan mai neman tabarau alhali suna goshinsa." "Ka duba idon malamar lissafi, kada ka yi mata gardama." Wasu ya sa su riƙa dawowa da kansu kowane wata. Akwai mai cewa, "Ka sayo wa Manaja batirin kunne, kafin ta ce kai ne ba ka ɗaga murya." Manaja ni ce, in ka manta. Kullum da safe in na kunna kwamfuta sai in tarar ya riga ni zuwa shago.

Sai dai kwamfuta ba ta bin mutum gida. Wayarsa da ke ɗauke da duk wannan ta faɗi a matakala makon da ya kwanta ciwo, ba ta sake tashi ba. Ina so in sayi wayar zamani wadda za ta riƙa magana da kwamfutar kamar yadda tasa ke yi. Na zaga masu sayarwa, kowa kyamara yake yaba mini, sai ka ce hoton kaina zan ci. Kai ka zauna da shi hutun makaranta, ka ga yadda ya haɗa kayansa. Gaya mini wadda zan saya, da irin maganar da tsohuwa za ta gane.

Gwaggonka


Daga cikin jirgi, muna bakin tasha

Gwaggo,

Ina gaishe ki da ladabi, gwiwa biyu a ƙasa. Takardarki ta riga mu isowa wannan tasha, wakilin kamfani ya miƙo mini ita da sauran saƙonni. Lafiyata ƙalau, ban da tarin da sanyin ɗakin injin ya sa mini. Na karanta abin da Kawu ya rubuta kan direba na yi dariya ni kaɗai, har abokin ɗakina ya tambaya ko lafiya. Allah ya jiƙansa.

Zancen waya, kada ki kula da sunan kamfani ko yawan idon kyamara. Kawu ya mai da kwamfutar shago rumbu, wayarsa kuma tana shiga rumbun ta waifai ɗin shago, ba ta bi ta hannun kowa. Akwai wata ƙaramar manhaja, ita ma ta rijiyar unguwa ce, da ke wannan aikin. Na rubuta sunanta da manyan baƙaƙe a ƙasan takardar nan. Ki ce wa mai sayarwa ya sauke ta a wayar a gabanki. Wayar da ta karɓe ta, ta kuma yarda ta taɓa kalanda da lambobi, ita ce taki. Wadda ta ƙi, ko kyauta ce ki bar musu.

Za su so su buɗe miki asusun kamfani su zuba sunayenki a can. Ki ce a'a, kina da rumbunki. Ki kuma sa a cire manhajar daga cikin waɗanda waya ke kashewa don tattalin batir, in ba haka ba sai ta yi ta barci ba ki sani ba. Ki nemi mai manyan baƙaƙe, wadda za ta iya aika ƙara kai tsaye cikin na'urar kunnenki. Adireshin rumbun da kalmar sirri Kawu ya manna su a ƙarƙashin kibod, ki juya shi za ki gani.

Kin ce in yi maganar da za ki gane. To ga ta: wayar za ta zama madubin kwamfutar. Duk abin da ke cikinta, da kin shigo shago zai bayyana a hannunki.

Wakili yana tsaye a kaina, za a ɗaga tsani. Ki gaishe da Baba in ya sake leƙowa, ki ce ya rage ba ki umarni.

Ɗanki, wanda ba kyaftin ba


Daga shagon tabarau

Kyaftin,

Gaisuwa da sa albarka. Tarin nan kada ka raina shi, ka riƙa rufe ƙirjinka. Ni kam gwiwa ta ɗan saki, har ina hawa matakala ba na tsayawa a tsakiya.

Na sayi waya! Da takardarka na shiga shagon na shimfiɗa ta a kan gilashi. Mai shagon ya ce, "Mama, wannan duk wahala ce. Ga wata nan, ido huɗu gare ta, ko sauro ta ɗauka sai kin ga gashin ƙafarsa."

Na ce, "Ɗan nan, ni mai sayar da ido ce, kada ka yi mini tallan ido. Sauke mini wannan abin in gani."

Waya ta farko ta ƙi. Ta biyu ta karɓa amma ta nace sai an buɗe asusu. Ya fara gumi yana cewa, "Wai wa ya rubuto miki wannan jarabar?" Na ce kyaftin ɗin jirgin ruwa ne. Nan take ya gyara tsayuwa. Ka ga amfanin sunan? Ta uku, wata baƙa marar kwalliya da ya ciro daga ƙasan kanta yana yatsina, ita ta yi komai ba gardama. Na ce Kawunka ne a siffar waya.

Ma'aikaciyarmu ta juya kibod ta shigar da abin da ke manne. Muna tsaye sai sunaye suka fara zubowa, kalanda ta cika maƙil. Na zauna a kujerar gwaji ina karantawa.

Amma bari in gaya maka gaskiya, abin ya zo da nauyin da ban zata ba. A shago na san lokacin da zan gamu da Kawunka, ni nake kunna shi da hannuna. Yanzu kuwa ko ina yana iya kama ni. Ina cikin bas wayar ta yi ƙara a cikin kunnena, na duba, sai ga "Ka tuna wa Manaja maganin gwiwa, za ta ce ta sha, ba ta sha ba." Na yi kuka a gaban mutane har wata baiwar Allah ta miƙo mini hankici. A layin banki ma haka. Ga sunayen mutanen da suka riga mu gidan gaskiya, in ina neman lambar mai kawo gilashi sai na ratsa ta kansu. Ina son maganarsa, amma ina so ni in je gare ta, ba ta yi mini kwanton ɓauna a titi ba.

Za a yi wa ƙanwata aiki a ciki, zan rufe shago in je jinya, ban san yaushe zan dawo ba. Zaman jinya zaman banza ne rabinsa, sai in samu in share madubin nan tas, in bar lambobin da nake kira kawai. Tunda ka ce madubi ne hankalina kwance. Shekara nawa ina goge madubin shago, ban taɓa ganin fuskar wani ta bi tsumma ba. Fuskar tana cikin kwamfutar shago, in na yi kewarsa in kunna.

Gwaggonka


Daga cikin jirgi

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina fata aikin ƙanwarki ya yi kyau. Ki gafarce ni, a tsaye nake rubutu.

KADA KI GOGE KOMAI A WAYAR. In kin riga kin goge, kada ki shiga shago da ita a kunne. Ki kashe ta tun daga bakin titi.

Ba madubi ba ce, kalmar ce ta zo mini a gurguje. Ɗaki ɗaya ne mai ƙofa biyu. Abin da kika fitar ta ƙofar waya ya fita daga ɗakin ke nan, da ta ji waifai ɗin shago za ta gaya wa kwamfuta, kwamfuta kuma ta bi ta. Kafin komai a kwafe kalandar da lambobin a filashi a ajiye gefe. Wannan ya kamata in fara faɗa miki tun farko. In ƙarar ce ta dame ki, kashe ta ake yi, rubutun ya zauna.

Takardarki ta yi ta jirana a tashar da muka tsallake saboda iska, sai yanzu ta same ni. Na gwada kiran sabuwar lambarki da kika sa a ƙasan takardar ta wayar jirgi, tana ta ƙara ba a ɗauka. Na kira Baba, ya ce ba shi da lambar gidan ƙanwarki. Zan aika wannan shago ta hanya mafi sauri. Allah ya sa ta riga ki.

Ɗanki


Daga shagon tabarau

Ɗana,

Ina amsa gaisuwarka. Ƙanwata ta tashi, tana takawa har bakin ƙofa, an gode Allah. Ni ma jikina lafiya.

Takardarka ta riga ni. A ƙarƙashin ƙofar shago na tarar da ita, ta yi ƙura. Na ɗauka na ga hannunka na ji daɗi, na ajiye ta a kan kanta na ce bari in buɗe tagogi in kunna kwamfuta, in zauna in karanta a natse. Wayar tana cikin jakata a kunne.

Kiran da ka yi na gani. Baƙuwar lamba ce mai tsawo, ga mara lafiya tana barci, ga ni da kiran waya ka san yadda muke. Na bar shi ya katse.

Na share wayar tas, kamar yadda na ce. A kujerar jinya na yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai na karanta, in yi murmushi, in ce sai mun haɗu a shago, sannan in goge. Da na gaji da ɗaiɗai, wata mai jinya a gadon kusa ta nuna mini yadda ake zaɓe duka a goge lokaci guda. Har godiya na yi mata.

Kwamfuta ta buɗe, kalandar ta fito cike kamar kullum. Na ga na ranar ma, "Ka sa a wanke rumfar ƙofa." Na juya na rataye jaka. Da na waiwayo sai na ga gidajen kalandar suna yin fari, layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa. Na ɗauka idona ne, na cire tabarau na goge. Na danna watan baya, fari. Na danna bara, fari. Na kama linzamin kwamfutar na riƙe gam kamar wannan zai tsayar da wani abu. Sannan na buɗe takardarka.

Lambobin mutane ba su dame ni sosai ba. Mai buƙatar ido zai dawo da ƙafarsa, ina tambayarsu ina sake shigarwa, ma'aikaciya tana taya ni. Mun yi ta bincike a kwamfutar, mun sauke wasu manhajoji da aka ce suna dawo da abin da ya ɓata, ba mu ga komai ba.

Da safe nakan kunna ta don aiki ya tilasta. Yanzu ni nake riga kowa zuwa shago. Baƙin cikin ya fi na ranar da aka fita da gawar Kawunka zafi ta wani wajen, don wancan Allah ne ya karɓa, wannan kuwa da yatsana na yi, ina murmushi.

Gwaggonka


Daga cikin jirgi

Gwaggo,

Ina durƙusawa in gaishe ki, in kin amsa. Na ji daɗin labarin ƙanwarki. Tarina ya warke.

Na karanta takardarki na kasa cin abinci. Ba yatsanki ba ne, bakina ne. Kin tambaye ni maganar da za ki gane, na ba ki maganar da ta yi mini sauƙin faɗa. Mai sayar da tabarau aka ce wa madubi, me za ta yi da shi in ba gogewa ba? Da na ƙara layi ɗaya kafin a ɗaga tsani, da yanzu Kawu yana nan yana yi miki tsiya.

Akwai ɗan abin da ya rage a gwada, amma ba zan yi miki alkawari ba. Ki kashe kwamfutar yau, kada a sake kunna ta. Abin da aka goge yakan bar sawu a cikin faifan ajiyar kwamfutar, sai dai duk sabon abin da aka shigar a kansa yake takawa. Ki kai ta gun mai gyaran da ya san irin manhajar Kawu, ki ce a ciro faifan a duba daga waje. Ki kuma duba aljihun teburinsa na ƙasa, na taɓa ganin filashi ja a ciki. Mai kafiya irin Kawu da wuya a ce bai ajiye kwafi ba.

Kin kira ni ɗana a takardar nan, ba ki ce Kyaftin ba. Na lura. Ban taɓa zaton zan yi kewar sunan ba.

Ɗanki


Daga shagon tabarau

Kyaftin,

Ga sunanka nan na mayar maka, ka ci abinci. Ina gaishe ka, ina sa maka albarka. Lafiyata lau, gwiwa ce dai ta dawo da tsiyarta tunda ba mai tuna mini magani.

Na yi duk abin da ka ce. Mai gyaran mutumin kirki ne, ya riƙe faifan ya yi iya yinsa. Ya ce da an kawo masa a ranar da abin ya faru da wataƙila, amma mun yi ta shigar da lambobi da manhajoji a kai kafin takardarka ta iso, mun tattake sawun da kanmu. Abin da ya tsamo guntaye ne, rabin kalma nan, kwanan wata can. Filashi ja kuwa yana nan inda ka ce. Hotunan firam ne a ciki, da hotona ɗaya ina barci a kujerar gwaji baki buɗe. Ka ga mutumin da na zauna da shi.

Kada ka ƙara cewa bakinka ne. Kai ka ce madubi, ni na ɗauko tsumma, iska ta hana jirginku tsayawa, takarda ta kwanta a ƙarƙashin ƙofa ina tsallake ta. In za a raba laifin nan kowa ɗan kaɗan zai samu, ba kuwa zai dawo da ko layi ɗaya ba. Wayar da ka zaɓa mini ba ta yi ƙarya ba, abin da aka ce ta yi shi ta yi. Yanzu an kashe mata ƙara inda ya kamata, ana kuma kwafewa a filashi duk ƙarshen mako. Mun iya gyaran ƙofa bayan akuya ta fice.

Na zauna na ce bari in mayar da waɗanda na haddace. Na ɗauka suna da yawa a kaina, ashe kaɗan ne, sauran na san ma'anarsu amma yadda ya juya maganar ya tafi. Na fara da na batir, don shi ba zan manta ba. Na rubuta shi daidai yadda yake, "Ka sayo wa Manaja batirin kunne, kafin ta ce kai ne ba ka ɗaga murya." Na sa ya riƙa dawowa kowane wata.

Jiya ya yi ƙara ina shirin rufe shago. Na duba, ga maganar nan ba abin da ya ragu a cikinta. Na tsaya ina kallon kalmar farko. Da shi ya rubuta, akwai wanda ake cewa "ka". Yanzu da ni na rubuta, wa nake aika? Na duba shagon, daga ni sai firam a jere suna kallona.

Sai na danna gyara. Na goge wasan, na goge Manaja, don ba mai kirana haka kuma. Na mai da "ka" ta koma "ki". Abin da ya rage, "Ki sayo batirin kunne." Kwamfuta ma ta karɓa nan take, na gani da idona.

Na rufe shago na je na sayo. In kun kusa tudu ka kira, zan ɗauka ko lambar ta kai tsawon jirginku. Ka dai ɗaga murya.

Gwaggonka